Faifan ajiya na biyu yana ɓacewa idan kwamfuta ta huta

Assalamu alaikum masana, don Allah ku taimaka mini. Ina da shagon buga takardu a Kabuga. Kwamfutata tana da SSD, wato faifan ajiya na zamani marar juyawa, mai ɗauke da Windows 10, sai tsohon faifai mai juyawa da nake ajiye ayyukan ɗalibai. Duk sanda na bar ta shiru na ɗan lokaci, faifan na biyu sai ya ɓace ɓat, ba ya dawowa sai na kashe na kunna.

Na canja wayar SATA da ke haɗa faifan da babban allon kwamfuta, na hana tsarin wuta kashe faifai bayan minti 20, duk a banza. Zargina ya koma kan mai kula da faifai da ke cikin cifset, wato sashen babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta. A tsarin AHCI, wato hanyar da kwamfuta ke magana da faifan SATA, yakan kwantar da layin SATA barci don rage cin wuta, ko shi ya fara, wato HIPM, ko faifan ya nema, wato DIPM. Ina ganin tsohon faifan ne ba ya farkawa daga barci mai nauyi.

A ina ake kashe wannan? A BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ban ga wurinsa ba, kuma ina tsoron sauya AHCI zuwa tsohon tsarin IDE, kada Windows ta ƙi tashi ga aikin mutane a ciki. Ko wutar janareta na iya jawo haka?