Lamba mai alƙaluma 110: a ci gaba da fama da NFS ko a koma SIQS?

Bashir: Assalamu alaikum. Dare uku ke nan ina fama da lamba ɗaya mai alƙaluma 110, ina so in fasa ta, wato in gano firam ɗin (lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu) da aka ninka suka ba da ita. Na riga na bi ta da ECM, dabarar zaƙulo ƙananan firam, har wajen alƙaluma 35, babu ƙaramin firam ɗin da ya faɗo, ke nan manya ne a cikinta. Na ba YAFU, manhajar fasa lambobi, ita a kan Linux, don ta bi ta da NFS (Number Field Sieve), dabarar fasa manyan lambobi. Zaɓen polinomiyal ya wuce lafiya, amma da zarar ta miƙa aikin tankaɗe ga gnfs-lasieve4I13e, wata manhaja ta waje da take kira, sai abin ya mutu nan take, ya bar min kalma biyu: "Illegal instruction". Na duba ggnfs_dir a cikin yafu.ini, folda daidai take. Na ba fayilolin izinin aiki da chmod. Shiru. Ina na yi kuskure?

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam. Kuskurenka ɗaya ne, ka shiga NFS. Na sha faɗa kuma ina nan a kan bakana: mai kwamfuta ɗaya a ɗaki, lambarsa ba ta wuce alƙaluma 110 ba, ba shi da abin nema a NFS. SIQS, wato dabarar rariyar kwadiratik, tana cikin YAFU ɗin kanta, ba ta neman wata manhaja daga waje, ba ta neman folda, ba ta neman komai. Ka rubuta siqs, ka sa lambar, ka je ka kwanta. NFS ka bar wa masu ɗakin bincike.

Malama Zainab: Malam, a nan ban bi ka ba. Da alƙaluma 90 ne da na yi shiru. Amma mahaɗar da aka sani, inda NFS take fara wuce rariyar kwadiratik, wajen 95 zuwa 100 take a yawancin kwamfutoci. Lissafin da masu wannan aiki suke riƙewa a ka shi ne SIQS tana ninka lokacinta duk bayan ƙarin alƙaluma 3, NFS kuwa sai bayan 5 ko ɗan fiye. To ka ɗauka sun yi kunnen doki a 100. A 110 SIQS ta ninka sau uku da ɗoriya, wato wajen ninki goma, NFS ta ninka sau biyu, ninki huɗu. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai na'ura ɗaya.

Malam Kabiru: RSA-129 fa, lambar ƙalubalen nan da aka fitar don a gwada fasawa? Alƙaluma 129, a 1994, kuma da rariyar kwadiratik aka fasa ta. In ta iya 129 shekara talatin da suka wuce, 110 ce za ta gagare ta yau?

Malama Zainab: Ba wanda ya ce ta gagare ta. Amma ka faɗi labarin ya cika: ƴan sa-kai wajen 600 ne suka yi wata takwas a kanta. Bayan shekara biyu, a 1996, aka fasa RSA-130 da NFS, kuma ƙarfin lissafin da ta ci bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na wanda 129 ta ci ba, alhali ta fi ta girma. Misalin da ka kawo ma nawa ne, Malam.

Malam Kabiru: Kin tsaya a tsohuwar SIQS. Ta YAFU ta yanzu an sake mata fasali sosai, a kan furosesa mai AVX-512, wani rukunin umarni na saurin lissafi, tana gudu kamar ba ita ba, har mahaɗar da kike magana ta matsa sama da 100. Na gani da idona a tawa.

Auwal: Ku dakata, ku manya kun tafi tarihi kun bar Bashir da matsalarsa. "Illegal instruction" ba ta da alaƙa da folda ko izini. Ma'anarta furosesa ta ci karo da umarnin da ba ta san shi ba. Kusan kullum dalilin shi ne wani ya harhaɗa manhajar a kan na'urarsa sabuwa, kai kuma ka sauko da ita ka ɗora a kan tsohuwa. Bashir, buga lscpu, ka je layin Flags, ka gaya mana ko akwai avx2 da avx512f.

Bashir: Na duba. Akwai sse4_1, akwai avx, amma babu avx2, balle avx512f. Kuma yanzu na tuna, fayilolin tankaɗen da na sauko da su an rubuta avx512 a jikin sunan foldarsu. Na ɗauka sabo ya fi ne kawai.

Auwal: To ga ta nan. A Intel, AVX ta zo a 2011, AVX2 sai 2013. Taka tana tsakanin biyun ke nan. YAFU ɗin da ke hannunka ta dace da ita shi ya sa ta tashi, su kuma fayilolin tankaɗen na wata na'ura ne daban.

Malama Zainab: Malam Kabiru, ka ji ko? Hujjarka ta ƙarshe a kan AVX-512 ta jingina, shi kuma Bashir ko AVX2 ba shi da ita. Gudun da ka gani a taka ba zai gan shi a tasa ba. A irin wannan na'urar ma mahaɗar ta fi kusa da 95 ɗin da na faɗa.

Malam Kabiru: Wannan na karɓa, ban san na'urar tsohuwa ba ce. Amma ku dubi abin ta wani gefen. Ku kuna ƙirga lokacin kwamfuta, ni ina ƙirga lokacin mutum. Yaron nan dare uku ya ɓata bai samu alaƙa ko ɗaya ba, wato abin da tankaɗe yake tarawa don fasa lambar. Da SIQS ya kunna tun daren farko, da yanzu aiki ya yi nisa. Kuma wannan kuskuren na farko ne kawai. NFS zango biyar ce: zaɓen polinomiyal, tankaɗe, tacewa, matiriks, sannan cire tushe. Kowane zango da irin tasa faɗuwar. Ni kaina na taɓa tara miliyoyin alaƙoƙi, manhajar msieve ta zo tacewa ta zubar da maimai da waɗanda ba su da abokin haɗi, ta ce a ƙaro. A lokacin ban gane ba, na ɗauka fayil ɗin ya lalace, na goge shi duka na sake daga farko. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Malama Zainab: Allah sarki. Amma ai wannan ba faɗuwa ba ce, manhajar gaskiya ta faɗa maka. Abin da ake buƙata shi ne alaƙoƙin da suka tsira bayan tacewa su fi firam ɗin da ke cikinsu yawa, yadda matiriks za ta samu rarar da za a fitar da dogaro daga cikinta, wato haɗin alaƙoƙin da ake gwadawa don fasa lambar. In ba su kai ba, ci gaba da tankaɗe kawai ake yi daga inda aka tsaya, a ƙara a kan na da. Bashir, ka riƙe wannan: ko me ta ce maka a wajen tacewa, kada ka goge fayil ɗin alaƙoƙi. Haka kuma in ka kai cire tushe, dogaron farko ya ba ka 1 da lambar kanta, kada hankalinka ya tashi. Kowane dogaro kamar jefa kwabo ne, rabi da rabi, sai ta gwada na gaba.

Auwal: Ni shawarata ta uku ce. Bashir, tunda kana kan Linux, ka ɗauko CADO-NFS, wadda masu bincike a Nancy ta Faransa suka rubuta. Da ita aka fasa RSA-240 a 2019 da RSA-250 a 2020. A kan na'urarka za ka harhaɗa ta, ita da kanta take duba abin da furosesarka ta iya, don haka maganar umarnin da ba a sani ba ta ƙare. Zango biyar ɗin da Malam yake tsorata ka da su, cado-nfs.py ce take bi da su ɗaya bayan ɗaya, kuma tana da fayilolin saiti na girma daban-daban, har da params.c110.

Malam Kabiru: RSA-250 ta ci kusan shekara 2,700 ta aikin ƙwayar furosesa ɗaya. Ka ga irin mutanen da aka yi wa kayan.

Auwal: Yallaɓai, wannan alƙaluma 250 ce. Motar da ta ɗauki tirela ba za ta kasa ɗaukar jaka ba.

Bashir: Na sauko da ita. Na buga make, ta ɗan yi gaba sannan ta tsaya, wai ba ta ga GMP ba, wato ƙunshin lissafin manyan lambobi. Amma ina da GMP, da ita ECM ɗina take aiki.

Auwal: Wadda ke gare ka ta gudanar da manhaja ce. Harhaɗawa tana neman gmp.h, ita kuma a wani ƙunshi daban take. In Ubuntu ko Debian ce, ka sa libgmp-dev. Ka tabbatar akwai cmake da g++ da Python 3, sannan ka goge foldar build ka sake make, don kada ta riƙe tsohon sakamakon bincikenta.

Malam Kabiru: Kun gani? Dare na huɗu.

Bashir: A'a Malam, wannan minti goma ta ɗauka. Ta harhaɗu. Na gwada ta da ƙaramar lambar nan mai alƙaluma 59 da ke cikin bayaninta, ta fito da firam biyu. Yanzu na ba ta tawa, tana kan polinomiyal.

Malama Zainab: Madalla. Gwajin da ka fara yi da ƙaramar lamba shi ne daidai.

Malam Kabiru: To Bashir, ka yi min abu ɗaya don a raba gardama. In CADO ta gama, ka rubuta awoyin da ta ci. Sannan ka ba SIQS wannan lambar dai a kan wannan na'urar, ba sai ta gama ba, ka bar ta awa biyu, ka duba lokacin da ta ƙiyasta ya rage mata. In NFS ta fi ta da ninki biyu, zan sauko daga 110 zuwa 100. Ƙasa da 100 kuwa ba na motsi.

Malama Zainab: 95, Malam.

Malam Kabiru: Ki bari lissafin yaron ya zo tukuna.