"Suna linzami": wanda ya bar giya zai ci gaba da amsa sunan mashayi?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Karin maganar da na kawo yau ita ce "suna linzami". Kawuna da ke zaune a Amurka ya zo hutu, shekararsa 11 rabonsa da giya. Amma ya ce duk mako in ya je taron Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu taimakon juna wajen barin giya, sai ya faɗi sunansa ya ƙara da "ni mashayi ne". Na ce masa Kawu, ai suna linzami ne, inda aka ja can ake zuwa, me ya sa za ka ɗaura wa kanka wannan? Dariya kawai ya yi. Shin na yi amfani da maganar a muhallinta?

Uwar Biyu: A muhallinta ka sa ta, ɗana. Mu abin da muka taso muka ji, suna yana bin mai shi. Shi ya sa iyaye ke hana a riƙa ce wa yaro ɓarawo ko da wasa. Mutum ya tuba, Allah Ya rufa masa asiri, sai kuma ya riƙa tona kansa duk sati?

Malamin Firamare: Hajiya, a yi mini afuwa, ni fahimtata daban. Asalin maganar, in ka kira mutum da sunansa dole ya waiwayo, kamar dokin da aka ja wa linzami. Kuma linzami ba ja kaɗai yake yi ba, yana tsayarwa. Ƙungiyar nan mutum biyu suka kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo, Bill Wilson da wani likita, Dakta Bob Smith, dukansu giya ta gama da su. Matakin farko cikin matakansu 12 shi ne mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa. To kawunka da bakinsa yake ja wa kansa linzami, don kada wata rana zuciya ta ce masa ai kofi ɗaya ba komai.

Uwar Biyu: To Malam, wannan ba "hali zanen dutse" ba ke nan? Ni kuwa ban yarda shan giya zanen dutse ba ne.

Tsohon Direba: Bari in sa baki, don ni abin ya ci ni. Shekara 9 na yi ina sha, burukutu da ta kwalba, duk inda na sauke kaya. Yanzu shekara 6 da barina. Ranar da na je asibiti hannuna na rawa, likita ya tambaye ni, na ce ni mashayi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan kalma ita ta cece ni. Amma kalmar nan dai, a bakin 'yan unguwa, ita ta kusa mayar da ni ruwa. Na shiga sahun gaba a masallaci, na ji ana raɗa wai tuban muzuru. Na nemi aure, aka ce wa iyayen yarinya ai ɗan giya ne. Wallahi a daren nan sai da na tsaya ƙofar mashaya, na ce tunda sunan ba zai fita ba, mene ne amfanin wahalar? Allah dai Ya kiyaye, na juya.

Ɗalibar Likitanci: Baba Direba, Allah Ya ƙara tsarewa. Abin da ka faɗa likitoci ma sun lura da shi. A 2010 wani masani a jami'ar Harvard, John Kelly, ya ba ma'aikatan lafiya sama da 500 labarin majinyaci iri ɗaya, kalmar da aka kira shi da ita kawai aka sauya. Waɗanda aka ce musu "mai shaye-shaye ne" sun fi ganin laifinsa ne, ya cancanci hukunci, a kan waɗanda aka ce musu yana fama da cutar shaye-shaye. Akwai ma wata ƙungiyar, SMART Recovery, da ta fara a 1994, ita ba ta son mutum ya laƙaba wa kansa sunan sam.

Malamin Firamare: Kun ga ayar Hujurati ta 11 ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Kuma a Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida yana son Allah da ManzonSa. Hanin a kan mai kira yake. Wanda ya faɗi ciwonsa a gaban masu irin ciwon, wannan wata magana ce.

Uwar Biyu: Na ji, amma ni dai ɗana ba zai kira kansa haka a gabana ba.

Ɗan Kurmi: Baba Direba, to yau in an tambaye ka, me kake cewa?

Tsohon Direba: Ya danganta da mai tambaya, ɗana. Likita, in ce masa mashayi. Yaron da na ga ya fara, in ja shi gefe in ce ni ma na sha. 'Yan majalisar bakin titi kuwa, in suka ce ɗan giya ba na ko waiwayawa. Ka gaida kawun naka, ka tambayar mini shi ko ana irin taron nan ta waya.