Amfilifaya ajin D a masallaci: yaya ingancin sautinta?

Na'ibin Liman, Fagge:
Assalamu alaikum. Masallacinmu ya koma sola, amma tsohuwar amfilifayarmu takan zuƙe batir tun kafin sallar Isha, ga zafin da take ɗauka har ba a iya ɗora mata hannu. An ba mu shawarar sayen ajin D, sai dai wasu sun ce sautinta bai kai na ajin AB daɗi ba. Ina gaskiyar take?

Mai Gyara, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Bambancin yana cikin aikin taransista, wato 'yar na'urar da ke sarrafa wuta a cikin amfilifaya. A ajin D, ko dai a kunne take gaba ɗaya ko a kashe, tana sauyawa sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, don haka kusan kashi 90 cikin 100 na wutar yakan isa lasifika. Ajin AB kuwa ko a lissafi ba ta wuce kashi 78.5, a aikace ma ƙasa take da haka sosai, ragowar kuma zafi yake zama, shi ya sa ake jibga mata faffaɗan ƙarfen sanyaya. A zafin Kano na watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya, Gwale:
Allah ya gafarta Malam, daɗin sautin ya rataya ne a kan matacin da ke bakin fita, wato naɗin waya da kafasito (ɗan abin da ke riƙe caji) masu tace saurin sauyawar. Na taɓa buɗe wata mai araha na tarar da naɗin ɗan mitsitsi, muryar kuwa sai kaifi take yi. Ajin D mai kyau kuwa, kunne ba ya bambanta ta da AB wajen kiran salla. A dai nisanta wayar makirufo da ta lasifika, domin kusancinsu kan jawo tsuwa.