Neman shawara kan koyar da wasan Othello ta intanet

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa.

Ni malamar adabin Ingilishi ce a cikin birnin Kano, kuma ina koyar da ɗalibai goma sha huɗu 'yan aji biyu na babbar sakandare wasan Othello na Shakespeare ta manhajar Zoom, kowace Asabar bayan la'asar. Kashi na farko da na biyu sun tafi lafiya lau, amma da muka shiga fitowa ta uku a kashi na uku, inda Iago yake ɗura wa Othello zargin matarsa Desdemona sannu a hankali, sai darasin ya cije.

Wannan fitowa doguwa ce, kuma ƙarfinta yana cikin jinkirin da Iago ke yi da maganganun da yake bari a rataye, amma da zarar sadarwa ta yanke, sai zaren ya tsinke. Ɗaliban kuwa sun yanke hukunci cewa Othello wawa ne da har hankici ɗaya ya isa ya rusa masa aure, don haka ba sa jin tausayinsa ko kaɗan, alhali tausayin nan shi ne zuciyar wasan. Wata ɗaliba ma ta ƙi karanta kalaman Desdemona, domin tana zaune ne a tsakar gida, mahaifinta na jin ta.

Na gwada aika musu saƙon murya ta WhatsApp, sai dai kaɗan ne suke amsawa. Don Allah, wace hanya kuke bi wajen raba irin wannan fitowa ba tare da kun kashe mata armashi ba? Kuma yaya zan sa yara masu kunya su karanta da muryarsu?