Yadda za a raba naɗin fim mai ƙafa 400 ya shiga loda

Sabon Hannu:
Salamu alaikum. Ina da gwangwanin fim ɗin silima, Kodak Double-X 5222, mai tsawon ƙafa 400. Lodata kuma, wato akwatin da ake naɗa fim da shi a cikin kasat na kyamara, Watson ce, ƙafa 100 take ɗauka. Ta yaya zan raba shi huɗu bai lalace ba? Kuma a cikin duhu, da me zan gane na kai ƙafa 100?

Baƙi da Fari:
Wa'alaikumus salam. Samu katako mai santsi ka kafa sanduna biyu a tsaye, tazarar taƙi biyu. Babban naɗin a ɗaya, kwarkwaron da ba komai a ɗaya, duka a kwance. Naɗin silima ba shi da faranti a gefe, in ka ɗaga shi ta baki sai tsakiyar ta zube, kuma mai da mita 122 a duhu ba wasa ba ne. Tafin hannu a ƙarƙashinsa kullum.

Batun awo, kada ka ƙirga juyi, don kowane juyi ya fi wanda ya gabace shi cin fim. Yanka kwali da'ira ka shimfiɗa ƙarƙashin kwarkwaron, in yatsanka ya ji fim ya zo daidai bakin kwalin, ka tsaya ka yanke. A kwarkwaro mai inci 1, ƙafa 100 tana kai faɗin santimita 8 ko kusa. A na silima mai inci 2 kuwa tana kai wajen 9, shi ya sa wani lokaci take cijewa a cikin loda. Auna cikin lodarka tukuna, ka rage rabin santimita. Ni a ganina raba shi biyar, ƙafa 80 kowanne, ya fi lafiya. Ba abin da ka rasa, ƙafa 100 ɗin ma kasat 18 ne masu hoto 36.

Fuskar da ke ɗaukar hoto, wato marar sheƙi, ta kalli ciki kamar yadda ta zo.

Mai Wanki:
Malam ya gama magana, sai dai a kula da gudu. Naɗa a hankali. In iska ta bushe, musamman da hunturu, saurin warware fim yana ta da tartsatsin lantarki, bayan wanki sai ka ga zane kamar reshen bishiya a kan hoton. A goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma, yana kwantar da ƙura kuma. In naɗin ya yi sako-sako, kada a ja bakinsa don ya matse, wannan jan ne ke karce shi. A riƙe ta gefuna, a liƙe bakin da salatif, ya shiga baƙar leda da gwangwani kafin a kunna fitila.

Jar fitila ma haramun ce, fim ɗin yana ganin ja. Waya da agogo mai haske su tsaya waje. Zauna minti 10 a ɗakin, in ka fara ganin hannunka, akwai kafar da haske ke shiga.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai. A firij yake yanzu. Kuma an ce ramukan gefensa sun bambanta da na fim ɗin hoto.

Mai Wanki:
Fito da shi ya kwana a rufe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansa ya manne. Ramukansa samfurin silima ne da ake kira BH, na fim ɗin hoto kuma ana kiran su KS, bambancin kaɗan ne, kyamara tana ja ba gardama. Lambobin 1 zuwa 36 ne kawai ba za ka gani a gefe ba.