Motocin gudu na da da na yanzu: wacce ke barin direba ya yi tuƙi da kanshi?

Ɗan Bagalam

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda sunka taɓa riƙa sitiyarin motar gudu da hannunsu, ba wanda ya kalla cikin waya ba don Allah. Tsakanin tsofaffin nan irin su BMW M3 ta da, Volkswagen Golf GTI, Peugeot 205 GTI, da sababbin masu doki 500 da ɗoriya, wacce ce in kana ciki kake jin kai ne ke tuƙin? Ba gudu nike tambaya ba, gudu kam kowa ya san sabuwa ta fi. Ni abin da na taɓa shi ne M3 E46 ta yayana mai giyar hannu shida, sai sabuwar M4 da abokin shi ya shigo da ita daga Kano wurin biki, kuma wallahi sabuwar na sauka ban ji komi a jikina ba sai sanyin kilim. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Usta mai garaji

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka ji ba ƙarya ba ne, kuma yana da dalili cikin ƙarfe. Ni E36 na fi sani, M3 ɗin da ta riga E46, ta Turai mai inji 3.2, doki 321, na buɗe ta na kuma fita gwaji da ita hanyar Tibiri. Totur ɗinta waya ce ta ƙarfe, daga ƙafarka har bakin inji, kowane silinda da nashi maƙogwaro guda shida, in ka taka kaɗan ta ba ka kaɗan in ka nutsa ta ba ka duka, ba mai yi maka tafinta a tsakani. Sitiyarin kuma mai ne ke taimaka mishi, famfo da belt, shi ya sa in tayar gaba ta hau yashin da iska ke zubowa bakin gudiro nan take za ka ji ya yi sako-sako cikin tafin hannunka tun kafin idonka ya gani. Ita E46 ɗin yayanka totur ɗin ya riga ya koma na lantarki amma sitiyarin na mai ne har yanzu, kuma injin ba turbo, doki 343, sai allura ta matsa wajen 8000 kake samun ainihin ƙarfinta, to dole ka yi aiki da giya. Daga 2014 sunka sa ma M3 da M4 turbo biyu da sitiyarin lantarki. Ƙarfin yana nan tun daga ƙasa, ko wace giya kake ciki ta tafi, to mi ya rage maka ka yi?

Na Hamburg

Usta ya gama magana ta fannin ƙarfe, bari in ƙara da Porsche tunda nan Jamus nike aiki wurin wani mai saida tsofaffin motoci, kai mota da ɗauko mota shi ne aikina. Na tuƙa 993, wadda ita ce 911 ta ƙarshe da iska ke sanyaya injinta, an daina ta 1998. Makulli yana hagun sitiyari, fedalolin daga ƙasa sunka tsiro ba daga sama sunka rataya ba kuma sun ɗan karkata dama, kuloci da nauyi, da safe in mai bai yi zafi ba giya ta biyu sai ka lallaɓa ta. Injin yana can bayan tayoyin baya, gaban motar ba nauyi, sitiyarin yana ta ɗan motsi a hannunka kamar yana maka magana ko a miƙaƙƙiyar hanya. Kuma in ka shiga kwana da gudu ka tsorata ka ɗage ƙafa daga totur, bayan ne zai nemi ya wuce gabanka. Wannan tsoron shi ke hana ka tunanin komi sai tuƙin.

Sabuwar 911 da ake kira 992 kuma na hau otoban, babbar hanyar Jamus, da ita wurin da ba iyakar gudu, na duba allo na ga 230 ina ta hira da wanda ke gefena, ko murya ban ɗaga ba. Mota ce ta ban mamaki ba na raina ta, giyar PDK mai canja kanta da sunka kawo ma 911 tun 2008 ba ɗan adam da zai canja giya da saurinta. Amma su kansu Turawan sun yi wannan gardamar taku, 2013 kamfanin ya fiddo GT3, wato 911 ta masu son tsere, ba giyar hannu sam, masu saye sunka yi ta ƙorafi, 2016 anka yi 911 R da giyar hannu mutane sunka yi wawarta, 2017 giyar hannu ta dawo cikin GT3. Mutum ya biya kuɗi mai yawa don a ba shi wadda ta fi jinkiri, ku duba fa.

Alhaji na Ali Ɗan Sofo

Yara kuna ban dariya. Duk abin nan da kuke yabo mu mun sha shi ba don marmari ba, don ba mu da wani. Na riƙe Mercedes 190E mai bawul 16 wadda giyarta ta ɗaya take ƙasa ta hagu, na riƙe Mercedes C63 mai inji V8 6.2, na san daɗin da kuke faɗi, amma ku tambayi gwiwata ta hagu abin da kuloci ya yi mata cikin cunkoson bakin babbar kasuwa. Kuma wani dare tsakanin Tchadoua da Aguié saniya ta faɗo mani kan hanya ina cikin C63 ɗin, na taka birki har ƙasa na karkata, na ji fedal yana rawa ƙarƙashin ƙafata motar tana kama tayoyi ɗaya bayan ɗaya da kanta har ta miƙe. Da tsohuwa ce marar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki da ESP mai hana mota zamewa, da yanzu wani labari ake. Ba banza ba Turai ta wajabta ESP ga kowace sabuwar mota tun 2014. Ku kuna cewa kwamfuta ta ƙwace muku tuƙi, ni na ce ta maido ni gida wurin iyalina.

Ɗan Bagalam

Allah ya ƙara tsarewa Baba Alhaji, ba mai musun wannan. Amma tsakani da Allah, C63 ɗinku ta da da wadda sunka fiddo yanzu mai silinda huɗu da batir, wacce za ku ɗauka?

Alhaji na Ali Ɗan Sofo

Kai ɗan nan ka iya tambaya. Ta da mana. Sabuwar an ce doki 680 amma ta haura tan biyu, ban tuƙa ta ba kuma ba ni marmari, V8 in ya yi gurnani da asuba duk layinmu sun san na fito masallaci.

Direban Kwatano

Gaisuwa ga manya. Ni shekaru ina ɗauko motoci daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano in biyo Parakou, Malanville, Gaya, Dosso, Konni har gida, kafin a rufe iyakar nan, to ba irin wadda ba ta bi ta hannuna ba. Abin da ban ji an faɗa ba shi ne nauyi. 205 GTI mai 1.9 doki 130 kawai gare ta, yau ko motar kai yara lakwal ta kai haka, amma ba ta cika kilo 900 ba. In kana 110 cikinta komi na kaɗawa, iska na ihu ta gefen gilas, kujera na gaya ma bayanka kowane faci na gudiro, kai da kanka ka san gudu kake. Sabuwar M3 ta fi kilo 1700, tayoyi faɗi, an toshe ko'ina da abin hana ƙara, kafin ta fara ba ka irin wancan jin sai ka kai gudun da a hanyoyinmu neman mutuwa ne. Ina za ka yi shi? Hanyar Ɗan Issa da manyan motoci da ƴan kabu-kabu, ko ta Madarounfa ranar kasuwa da amalanken shanu ba fitila? Tsohuwa tana ba ka daɗinta duka a gudun da in abu ya gitta za ka iya tsayawa. Sabuwa kuwa doki ne da anka hore ma sukuwa kai kuma kullum cikin lungu kake zagayawa da shi, linzami a ɗame.

Maman Ikram

Ku yi haƙuri in sa baki cikin zancen maza. Peugeot 504 ɗin mahaifinmu na koyi tuƙi da ita, Allah ya jiƙan shi, yanzu kuma Golf 7 GTI ta maigidan nike ɗauka in ya yi tafiya, mai giyar DSG da ke canja kanta. Ina son ta, ba na ɓoyewa, ga faifan canja giya bayan sitiyari kana taɓawa ta amsa. Abin da ya ɓata mani rai ranar da ƙanena ya nuna mani cewa wani ɓangare na rurin da nike ji ba daga inji yake ba, wata ƴar na'ura ce ƙarƙashin gilashin gaba ke kaɗa shi. Ya cire mata waya munka zagaya, sai motar ta yi tsit. Usta haka ne ko wasa ya yi mani da hankali?

Usta mai garaji

Haka ne Hajiya, yana nan, ɗan abu ne kewayayye da bai kai tafin hannu ba. BMW ma tun M5 ta 2011 suke ƙara ƙarar inji ta lasifikan cikin mota. Turbo na cinye sautin da ke fita ta salansa shi ya sa suke cikawa da na roba.

Abba Zariya 2

Yayyena kuna magana kamar duk sababbi ɗaya ne. Na tuƙa Toyota GR86 ta abokin karatuna a Abuja, sabuwa fil, giyar hannu, ba turbo, baya ke turawa, doki ɗari biyu da ɗan wani abu, kuma bayanta na motsi a gudun da bai kai na ganganci ba. Honda Civic Type R giyar hannu kaɗai ake yin ta. Toyota Supra da ta dawo 2019 otomatik ce zalla, 2022 sunka ƙara mata ta hannu. Ni a ganina ba shekarar mota ba ce, abin da anka nufa da ita ne, wasu an yi su don agogo ya nuna lamba wasu don direba. Kuma Yaya Ɗan Bagalam M4 ɗin nan ka taɓa maɓallin da ke sassauta kwamfutar kuwa, ko yadda mai ita ya ba ka ka zagaya ka maido?

Ɗan Bagalam

Motar mutane ce Abba, ranar biki, ga yara ko'ina, wa zai taɓa maɓalli. Amma zancenka na GR86 ya shiga kunnena.

Usta mai garaji

Kafin wani ya ruga ya sayi tsohuwa saboda zancenmu, ku sani mafi yawan waɗanda ke isowa nan ba su da wannan jin da muke faɗi, ya mutu tun a hanya. Robobin ƙafa sun bushe da zafinmu, shakoba ta zube, taya huɗu iri huɗu, sitiyari na da wasa kamar faɗin yatsa biyu kafin taya ta motsa. Sai an canja waɗannan duka sannan za ka san motar da Bature ya ƙera. Sabuwar kuma matsalarta daban, tayar nan siririya rami ɗaya ya fasa ta har da janti, bamba na gogar kowane tudun rage gudu, kuma injin turbo mai fesa mai kai tsaye ba ya shiri da esansin kwalba na bakin hanya, in fitila ta kama a allo sai an nemo mai kwamfutar da ta san ta. Ɗan Bagalam ka ce ma yayanka ya kawo E46 ɗin in duba robobin baya, na ji tana ƙwanƙwasa da ya wuce gaban garaji ran Juma'a.