Muhawara: Fina-finan zamanin kaset sun fi masu dogon zango iya ba da labari?

Baba Mai Kaset, Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Magana ɗaya na zo da ita, kuma ina kanta: fim ɗin zamanin kaset ya fi mai dogon zango na yau iya ba da labari. Ban ce ya fi shi kyan hoto ba. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa su Sangaya da Wasila, mai shirya fim yana da iyakar da ba ya iya tsallakewa. Kaset ɗin da aka fi amfani da shi na awa 3 ne. Da aka koma faifan CD, faifai ɗaya bai wuce ya ɗauki minti 80 ba, ana kuma raba fim gida biyu, na 1 da na 2. Dole labari ya tashi, ya ƙulle, ya warware a cikin wannan ɗan fili. Sannan a wancan lokacin kuɗin furodusa a kwali yake: shi zai buga kwalayen fim ɗinsa ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi kaset su saka a ciki. In na 1 bai gamsar da mutane ba, na 2 sai ya kwana a shago a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Yanzu fa? A yi wata uku ana kallon mutum biyu a falo suna maimaita abin da muka riga muka gani da idonmu.

Marubuci, Kobi:
Wa alaikumus salam Baba. Na yarda akwai jan labari, amma lissafin ba daidai aka ɗora shi ba. Zango ɗaya a talabijin yawanci fitowa 13 ce, wato sati 13. In kowace fitowa minti 45 ce, an tashi da minti 585, kusan awa 10. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya yana ba da kusan minti ɗaya a allo, ke nan marubuci zai cika shafi kusan 600 a zango guda. Fim na 1 da na 2 na zamanin faifai bai kai awa 3 ba. Zango ɗaya ya haɗiye irinsa uku, har da ragowa.

Saboda haka ginin ma daban ne. Fim labari ɗaya yake bi, jarumi ɗaya da buƙata ɗaya. Dogon zango yana son igiya uku aƙalla: babban labarin da zai ratsa zangon duka, na biyu da zai ɗauki fitowa huɗu ko biyar ya mutu, da ƙarami wanda zai tashi ya ƙare a fitowa guda. Inda ake samun matsala shi ne a ɗauko labarin da tsawonsa na fim ne, mai igiya ɗaya, a ce sai ya cika awa 10. Sai ya zama miyar mutum biyar da aka ƙara wa ruwa don ta ishi mutum ashirin. Laifin na wanda ya tsara ne, ba na dogon zango ba.

Baba Mai Kaset, Wunti:
To ai ka faɗa da bakinka, ɗana. Nawa ne a cikinsu suke da igiya ukun?

Edita, Yalwa:
Baba, a yi mini afuwa, amma tsofaffin ma suna da nasu cikon. Waƙa ce. Duk fim ɗin da ya biyo bayan Sangaya na 1999 da wuya ka same shi ba waƙa uku ko huɗu, kowace ta kai minti biyar zuwa bakwai, da kiɗan fiyano, ana sauya kaya da wuri. Cire su ka ga abin da ya rage na labarin. Sau da yawa ma waƙar ake fara yi, a saka ta a tallan da ke gaban wani kaset, in ta karɓu sannan a nema mata labari. Mun manta da wannan ne saboda waƙoƙin sun zauna mana a rai.

Cikon yau kuma daga YouTube yake, kuma yana da dalili. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya sa wa talla a tsakiya, kuma iya tsawonsa iya gurbin tallar da zai ɗauka. Ga shi kuɗin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Saudiyya ko Amurka ba, don haka furodusa yake neman yawan mintuna ya cike giɓin. Nan ne za ka ga an nuna mota ta fito daga gida, maigadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, motar ta hau titi, ta isa, wani maigadin ya buɗe. Minti biyu sun tafi ba a ce komai ba. Edita ya san ya kamata ya yanke, amma an ce masa fitowar ta kai awa ɗaya.

Malama, Fadamar Mada:
Ni ina bayan Baba, amma ba don tsawo ko gajarta ba. Harshe nake ji. Ku saurari Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, ko wasannin marigayi Ƙasimu Yero a talabijin ta Kaduna, ko Karkuzu daga Jos. Waɗannan ma ai duk sati ake nuna su, su ne dogon zangon zamaninsu, amma ba wanda ya ce suna ja. Galibi ba a rubuta musu magana kalma bayan kalma. A faɗa wa ɗan wasa abin da sin ɗin, wato ɓangaren wasan da za a ɗauka, ya ƙunsa, shi ya zuba daga cikinsa. Wanda ya tashi a gaban kakanni, karin magana da habaici da zaurance suna bakinsa. Yau ana rubuta maganar, wannan ci gaba ne, sai dai wasu marubutan da Turanci suke tunani. Za ka ji uwa tana yi wa ɗanta magana yadda babu uwar Bahaushiya da ke yi, ko yarinya ta tsaya a kan mahaifinta tana kallon tsakar idonsa tana jero masa hujjoji. Ko suruka ta ambaci sunan ɗan fari gatsau. Mai kallo a Azare ko Misau nan take zai ji abin bai zauna ba.

Wani abin kuma da ke damuna, tsoho da sabo duk sun yi tarayya a cikinsa: kowa Kananci yake yi. Ko an ce jarumi daga Bauchi ya zo ko daga Katagum, ba ka jin Bausanci ko Guddiranci a bakinsa, sai in ana son a yi dariya.

Marubuci, Kobi:
Malama, wannan gaskiya ne, kuma maganinsa ba shi da tsada. Kafin a fita lokeshan a zauna karatun rubutu: 'yan wasa su karanta da ƙarfi, a sa dattijo ɗaya ko dattijuwa a gefe, duk jimlar da ta yi karo da kunnensu a canza ta. Yini ɗaya ya isa fitowa uku ko huɗu. Ana tsallake shi ne saboda sau da yawa ana ɗaukar fitowa ta 5 marubuci yana kan rubuta ta 7.

Amma kada mu yi wa na yanzu kuɗin goro. Daɗin Kowa da Arewa24 ta fara nunawa a 2015 ya kawo almajiri, ɗan gudun hijira, mai shaye-shaye da malamin tsibbu cikin gari ɗaya, ya bi su shekara da shekaru. Kwana Casa'in ya shiga siyasa da aikin jarida da asibitin gwamnati. Fim na awa biyu ba shi da filin da zai nuna yadda mutum yake lalacewa a hankali, ko yadda yake gyaruwa. Wannan dogon zango ne kaɗai ke iya shi.

Mai Sauti, Jahun:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren kunne, don labarin da ba a ji ba ai ba a ba da shi ba. A yawancin fina-finan kaset, makirfon da ke jikin kyamara shi ke ɗaukar magana. In kyamara ta ja baya don a nuno ɗaki duka, murya ta tafi, sai amon bango da ƙugin janareto. Ga kuma kwafi: kaset ɗin da ya iso Bauchi an juyo shi daga wani, shi ma daga wani, kowane juyi yana ƙara shuu a sauti yana cinye launi. A nan na yau sun yi gaba nesa.

Sai dai su ma suna da kurakurai uku da ke maimaituwa. Makirfon maƙalawa in aka sa shi ƙarƙashin shadda mai sitaci ko mayafi, duk motsi sai ya yi ƙarar goga. Maganinsa a naɗe kansa da ɗan laushin ƙyalle a manne shi da filasta yadda tufa ba za ta taɓa shi ba, a kuma haɗa da na sanda daga sama, kada nisansa da bakin mai magana ya wuce kamu biyu zuwa uku. Na biyu, ba a ɗaukar shirun ɗaki. Bayan an gama sin, kowa ya yi tsit a ɗauki daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya na iskar wurin, da ita edita zai cike tsakanin maganganu. In babu, sai ka ji sauti yana ɗaukewa yana dawowa duk lokacin da aka sauya hoto. Na uku shi ya fi ci mini rai: kiɗan baya. A ɗora kiɗan tausayi tun daga farkon sin har ƙarshe, da ƙarfin da ya kusa kai na magana. Mafi yawan masu kallo a waya suke kallo, da ƙaramar lasifika, kiɗan sai ya danne muryar. Kafin a saki fitowa a saurare ta a wayar da talaka ke riƙewa, ba a manyan lasifikun situdiyo kaɗai ba. In a waje ake ɗauka lokacin hunturu kuwa, makirfo ba rigar gashi mai tare iska ɓata yini ne kawai.

Baba Mai Kaset, Wunti:
Duk na ji, Allah ya ƙara basira. Amma ku duba namu na gida. Shaihu Umar, littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Malami ne a Rauta, nan kusa da Bauchi, yake ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa: yadda aka raba shi da mahaifiyarsa yana yaro, aka bi da shi hamada, ita kuma ta bi sawunsa tana nema. Shekaru masu yawa da ƙasashe, amma a zama ɗaya ka kalle shi ka tashi da labari cikakke. Dalili, wanda ya rubuta ya san inda zai sauka tun kafin ya ɗora alƙalami. Shi ne abin da nake nema a na yanzu ban samu ba. Ana fara zango na 1 ba a san ƙarshe ba. In kallo ya yi yawa a ƙara zango, in jaruma ta tafi a kashe ta ko a kawo wata fuskar a ce ita ce, in mai talla ya zo a ƙirƙiro sin a shagonsa.

Edita, Yalwa:
A kan sanin ƙarshe ba ni da ja, Baba. Kuma rashinsa ne ke haifar da ɓarnar kwantiniti, wato abin da ya zo gaba ya saɓa wa wanda ya gabata. Shirin da aka yi shekara uku ana ɗauka, dole a ajiye littafi guda: wane ne ɗan wane, shekarun kowa, wane asiri wa ya sani kuma a fitowa ta nawa ya sani, hoton kayan da aka sa a kowane sin da yadda aka jera ɗaki. In babu shi, sai mutum ya yi mamakin labarin da aka riga aka gaya masa a zangon baya, masu kallo kuwa suna riƙe da shi.

Tunda kuma an ambaci Shaihu Umar, shi ya yi sa'a: an samo shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Na kaset ba su samu wannan gatan ba. Zaren kaset yana yin fumfuna in ya sha damina a ɗaki mai laima, yana kuma mannewa in ya sha zafi. Duk mai su a Wunti ko Kasuwar Muda Lawal ya ajiye su a tsaye, nesa da rana da lasifika, kada ya saka mai fumfuna a na'ura don zai ɓata kan na'urar da ke karanta zaren ya shafa wa na bayansa. Wajen juyawa zuwa kwamfuta a bar hoton a faɗinsa na asali, 4 bisa 3. Masu miƙe shi ya cika allon zamani su ne ke sa fuskokin 'yan wasa su baje.

Malama, Fadamar Mada:
To Malam marubuci, tambaya gare ka. In furodusa ya zo maka yau da kuɗin zango ɗaya, me za ka nema kafin ka karɓa?

Marubuci, Kobi:
Abu uku, Malama. Mu rubuta ƙarshen labarin a shafi ɗaya mu sa hannu, da adadin zangon da zai kai mu can. A gama rubuta fitowa 13 ɗin duka kafin kyamara ta fita. Sannan manyan 'yan wasa su sa hannu a yarjejeniyar zangon gaba ɗaya, a ɗauke duk sin ɗin lokeshan guda a jere, kada a riƙa komawa gida ɗaya sau goma ana biyan haya da mai. In ya ce minti 60 yake so alhali labarin na minti 35 ne, sai ya ƙara kuɗin igiya ta biyu da 'yan wasanta, ko ya karɓi 35 ɗin.

Baba Mai Kaset, Wunti:
In aka samu furodusan da ya karɓi 35 ɗin, ku turo mini sunan shirin, zan kalla daga fitowa ta 1. Kafin nan ina nan a kan maganata.